DARASIN MANOMI: RUWAN SAMA YA SAKE HALI, MU MA MU SAKE DABARA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Illela, da Ƙwanni, da Malbaza, da dukan ƙauyukan Adar da Majiya. Wannan darasi naku ne, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci. Ku karanta shi sannu a hankali. In kun gama, ku karanta wa waɗanda ba su sami shiga aji ba, a dandali ko a ƙofar mai gari, maza da mata.

Maganarmu ta yau a kan ruwan sama take. Kowa ya ji tsofaffi suna cewa damanar yanzu ba irin ta da ba ce. Gaskiyarsu. Za mu duba yadda ruwa ya riƙa sake hali a ƙasarmu, da abin da ya jawo haka, da abin da hukuma ta yi, da abin da manoma suka yi da hannunsu. Daga ƙarshe mu ga aikin da ke jiran kowa a gonarsa.

1. MENE NE SAUYIN YANAYI?

Damana ɗaya ta yi kyau, ta biyu ta ɓaci, wannan tsohon abu ne, kakanninmu sun san shi. Amma in aka jera shekara 30 aka gwada da 30 da suka gabace su, aka ga ruwa ya ragu ko ya ƙaru, ko zafi ya hau, ko lokacin shuka ya gusa, shi ake kira sauyin yanayi.

Ana auna ruwan sama da milimita. Ku riƙe wannan lissafi, za mu koma kansa. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. In aka yi ruwa milimita 1, hekta ɗaya ta sami lita 10,000, wato tano 50 mai cin lita 200. A shekara matsakaiciya, ƙasar Illela zuwa Ƙwanni takan sami tsakanin milimita 400 da 500. Wannan ruwa ya isa hatsi ya nuna, in ya zo a kan lokaci kuma ya shiga ƙasa. Ku lura da sharaɗin nan biyu.

2. ZAMANIN DA

Shekaru dubbai da suka wuce, inda hamada take yanzu akwai tabkuna da ciyawa da namun daji. A Dabus, arewa da Agadas, har yau akwai siffar raƙuman dawa da mutanen wancan zamani suka sassaƙa a jikin dutse. Kimanin shekara 5,000 da suka wuce ruwa ya janye, ƙasar ta bushe, mutane da bisashensu suka gangaro kudu. Manyan kwaruruwan da muke nomawa, kamar Majiya, ruwan zamanin da ne ya haƙa su.

A zamanin kakanninmu ma an sha wuya. A 1913 damana ta ƙi, aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kai 1914. Ta ci mutane masu yawa a ƙasar Hausa, nan da Nijeriya, ga kuma harajin Nasara bai tsaya ba. A 1931 fara ce ta cinye gonaki, yunwar ta fi tsanani a yammacin Nijar.

Mutanen da ba su zauna hannu sake ba. Suna da babban rumbu da ba a buɗewa sai wuya ta kai wuya. Suna haɗa hatsi da dawa da wake a gona ɗaya, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Suna barin saura ta huta. Suna yin alkawari da makiyayi ya kwana da garkensa a gona don taki. A kan tuddan Adar kuwa suna jera duwatsu, wato gandari, don tare ƙasa. Ku riƙe wannan: da tsohuwar zuma ake magani.

3. SHEKARUN ƘOSHI

Daga 1950 zuwa wajen 1967 an sami ruwa mai yawa a dukan yankin Sahel, wato ƙasashen bakin hamada daga Senegal zuwa Cadi. Tabkuna suna kai rani. Maiwa, mai daɗewa a gona, tana nuna ba fargaba. Manoma suka riƙa sassabe suna ƙara yin arewa, cikin ƙasar kiwo. Har a 1961 gwamnati ta yi doka ta shata iyakar noma ta arewa don kare makiyaya.

Mutane suka ɗauka haka abin zai dawwama. Aka faɗaɗa noman gujiya da auduga na sayarwa. Saura ta ragu. Jama'a kuma tana ƙaruwa: a 1960 ƴan Nijar ba su wuce miliyan 3 da ƴan kai ba, ƙidayar 1988 ta ba da miliyan 7 da ɗoriya, ta 2012 ta ba da miliyan 17. Gonar da ta ciyar da gida ɗaya, yau gida huɗu ko biyar ke dubanta.

4. SHEKARUN FARI

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. A 1972 da 1973 abin ya kai matuƙa. Garkuna suka ƙare, musamman na Fulani da Buzaye. Mutane suka koma cin anza, da jiga, da ƙarangiya, da dusa. Aka kawo taimakon jar dawa daga waje, amma bai kai ga kowa a kan lokaci ba. Zancen yunwar nan da rabon taimako yana cikin dalilan da soja suka faɗa ran 15 ga Afrilu 1974, da suka sauke Shugaba Jori Hamani, Saini Kunce ya hau.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga 1984. A wurare da yawa damanar nan ta fi ta 1973 muni. A shekarar kuma gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Ku mutanen Ƙwanni kun fi kowa sanin abin da rufe iyaka yake nufi, tun da kasuwar Illela ta Nijeriya tana ƙofar gidanku. Shi ya sa a wurare da dama aka laƙaba wa wannan yunwa sunan Buhari. A watan Yuni 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Tabkin Cadi, wanda a 1963 ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba.

A nan Adar, samari da magidanta suka watsu biɗa, wasu Nijeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Itatuwa suka mutu, waɗanda suka rage aka sare aka sayar don a sayi tiya. Iska da ruwa suka kwashe ƙasar sama. Gonaki da yawa suka koma fako: ƙasa mai tauri kamar daɓe, in ruwa ya sauka a kanta sai ya wuce, ko ciyawa ba ta tsirowa.

5. ME YA JAWO?

A shekarun 1970 wasu masana sun ɗora laifin fari a kan manomi da makiyayi. Suka ce saran itace da yawan kiwo ne suka kori hadari. Binciken da aka yi daga baya ya nuna babban dalilin yana can cikin teku. Hadarin da ke kawo mana ruwa daga tekun Atlantika yake ɗauko laima. In zafin ruwan teku ya sauya, wani sashe ya ɗumama wani ya huce, sai iskar damana ta kasa hawowa arewa yadda ta saba. Masana da yawa suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka na wancan lokaci ya taimaka wajen wannan sauyi.

Akwai kuma ɗumamar duniya. Tun da aka fara ƙona gawayin ƙasa, da man fetur, da gas a manyan injuna, wata iska da ake kira kabon tana taruwa a sama. Tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe zafin jiki. Yawanta ya ƙaru da rabin abin da yake kafin zamanin masana'antu. Duniya ta ƙara zafi da fiye da digiri 1. A 2015 ƙasashen duniya suka amince a birnin Paris cewa za su rage wannan hayaƙi. Rabon Nijar cikin hayaƙin ƙanƙane ne ƙwarai, amma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

To, kada wani ya ce tun da haka ne babu ruwanmu. Saran itace bai hana hadari zuwa ba, amma shi ya tsiraita ƙasa, har ruwan da ya zo ya kasa zama. Saukar ruwa ikon Allah ne. Inda ɗigon ruwa zai tsaya bayan ya sauka, wannan aikin mai gona ne.

6. ABIN DA HUKUMA TA YI

A 1970 aka kafa OPVN don ajiyar cimaka da sayar da ita da rahusa. A 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari, CILSS, a Wagadugu. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, mai bin sawun ruwan sama da amfanin gona. Daga 1975 aka mai da ran 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa.

A kwarin Majiya, wajen Buza, daga 1975 ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE da mutanen ƙauyuka suka dasa layukan dogon yaro don tare iska. Layukan sun kai ɗaruruwan kilomita. Da aka auna, an ga hatsin da ke bayan layi ya fi na fili da kashi 15 ko fiye cikin 100.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 aka gyara filin noman rani na Ƙwanni, mai fiye da hekta 2,000, wanda ke shan ruwa daga madatsun Mozage da Zango. Aka yi wani a Galmi, garin da albasarsa ta yi suna a Afirka ta Yamma. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar kuma aka fara aikin Keita da taimakon Italiya, inda mata suka ɗauki mafi yawan aikin dutse, kuma gwamnati ta yi kira kowa ya fita noman rani.

Waɗannan ayyuka sun yi amfani, sun ceci rayuka. Amma akwai darasi biyu a cikinsu. Na farko, ayyuka da yawa da aka yi da manyan motoci, ko aka yi don a karɓi cimaka, sun lalace bayan masu aikin sun tafi, don ba wanda ya ɗauke su nasa. Na biyu, ƙasar da ruwa ke kwasowa daga tudu ita ke cike madatsai da laka. In ba a gyara tudu ba, kwari ma ba ya tsira.

7. ABIN DA MANOMAN ILLELA SUKA YI

A 1988 aka fara wani aikin gyaran ƙasa a gundumar Illela, wajen Badagishiri, da kuɗin asusun FIDA. A 1989 aikin ya ɗauki manoma 13 ya kai su ƙasar Yatenga, a Burkina Faso, su gani da idonsu. Can suka tarar manoma suna haƙa ramuka a fako tun da rani, suna zuba taki a ciki, suna shuka in ruwa ya sauka. Mutanen can suna kiran ramin zai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka inganta dabarar shi ne Yakuba Sawadogo, na kusa da Wahiguya, manomi kamarku, wanda aka ba babbar lambar yabo ta duniya a 2018, ya rasu a 2023.

Ramin shuka ba baƙon abu ba ne a Adar, muna da tassa tun da. Abin da suka gano sabo shi ne a faɗaɗa ramin, a zurfafa shi, a tara ƙasarsa ta gefen gangare, a sa taki. Da suka dawo gida, wasunsu suka gwada a filin da bai kai hekta 5 ba. A 1990 aka yi kimanin hekta 70. Damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki da yawa suka ƙone, amma masu tassa suka yanke hatsi. Gani ya kori ji. Zuwa 1995 an gyara kimanin hekta 3,800 da tassa a gundumar.

Daga 1991 zuwa 1996 an riƙa auna amfanin gonakin. In aka haɗa shekarun aka raba, filin da ba a gyara ba ya ba da kilo 125 a hekta, wato buhu ɗaya da kwata. Tassa mai takin gida ta ba da kilo 500 da ɗoriya, wato buhu biyar. Inda aka ƙara takin zamani kaɗan, an wuce buhu bakwai.

Ku duba abin da ya biyo baya. Dabarar ta bi daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har ƙauyukan da aikin bai taɓa shiga ba. Samari suka mai da haƙar tassa sana'ar rani, ana biyansu. Fakon da a da ko kyauta ba a so, aka fara saye da sayarwa, kuɗinsa ya hau. A ƙauyen Batodi, mutanen garin sun shaida wa masu bincike cewa tsakanin 1994 da 2004 ruwan rijiyoyinsu ya hau da kimanin mita 14, har mata suka kafa garake.

A jihar Maraɗi kuma, daga 1983, manoma suka fara sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar masa ƴan rassa su girma. Wannan ya bazu har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. Ba a dasa su ba, ba a yi musu ban-ruwa ba, an dai bar su ne an kula da su.

8. HALIN RUWA NA YANZU

Tun shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali. Yakan yi jinkiri, ko ya fara ya ɗauke kwana 15 ko 20 bayan an yi shuka. Sa'an nan ya zo gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Dalili shi ne iska mai zafi ta fi ɗaukar laima: kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana ƙara mata kimanin kashi 7 cikin 100. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Saboda haka yanzu wuta biyu muke tsakani. An yi ƙarancin cimaka a 2005, bayan fara da ɗaukewar ruwa na 2004, an kuma yi a 2010. An yi ambaliya a 2012, da 2020, da 2022. A 2024 ambaliya ta kashe mutum kusan 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba.

Mu koma ga lissafinmu. In aka yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, hekta ɗaya ta sami tano 1,500. A kan fako, rabi ko fiye yana gudu ya bar gonar. Ruwan nan da ya gudu shi ne shukarka za ta nema bayan kwana goma. Shi ne kuma yake taruwa a ƙorama ya yanke hanya, ya binne garka, ya rushe gidan ɗan'uwanka da ke kwari. Wanda ya tare ruwa a tudu ya yi maganin fari a gonarsa, ya kuma rage wa na ƙasa ambaliya.

9. AIKIN DA KE JIRANKA

Tassa. Ana yin ta a fako da ƙasa mai tauri. Ka fara da rani, bayan an gama kai amfani gida, kada ka jira shamuwa ta iso.
a) Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfinsa 15 zuwa 20, wato kamar taƙi ɗaya.
b) Tsakanin rami da rami babban taki ɗaya na ƙafa, kimanin mita 1. Hekta takan ci rami kamar 10,000.
c) Ka tara ƙasar da ka haƙo ta gefen gangare, don ruwan da ke gangarowa ya faɗa ramin.
d) Layi na biyu ya faɗa tsakanin ramukan layi na farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan.
e) Ka zuba ruɓaɓɓen taki cikin hannu biyu a kowane rami, ka ɗan rufe da ƙasa. Gara za ta zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga.
f) Ka yi shuka bayan ruwa mai kyau ya jiƙa ramin. Bayan shekara biyu ka sake yashe ramukan ka ƙara taki.
Ba dole ka gama hekta a shekara ɗaya ba. Ka yi abin da takinka zai isa. Rami 1,000 mai taki ya fi 3,000 marar taki.

Rabin wata. Faɗinsa mita 4, bakinsa yana duban tudu, kunyarsa tana gefen gangare. Hekta takan ci kamar 300. Ana shuka hatsi ko dawa a ciki, ko ciyawa da itace a filin kiwo.

Gandari. Layin dutse dole ya bi daidai inda ƙasa take kai ɗaya, in ba haka ba ruwa zai taru wuri ɗaya ya fasa. Ka nemi malamin gona ya nuna maka awo da tiyon ruwa. Ka ɗan haƙa gurbi, ka kafa manyan duwatsu, ka cike tsakani da ƙanana. A fara daga saman tudu a gangaro. Wannan aikin gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Itace. Ran sassabe, in ka tarar da kututturen gawo, ko kalgo, ko sabara, ko magarya, ko aduwa, ka zaɓi rassa biyu zuwa biyar mafi ƙarfi ka bari, ka yanke sauran. Gawo abokin manomi ne: yana zubar da ganye da damana, ba ya yi wa hatsi inuwa, ga taki ga abincin bisashe.

Iri. Kada ka zuba ƙwanka duka a iri ɗaya. Ka ware wani sashe na gona ga iri mai saurin nuna, kamar hatsin HKP na cibiyar INRAN, mai nuna cikin kwana 80 zuwa 90, ka kuma riƙe irin gida da ka sani. Ka ajiye irin sake shuka, ko da na farko ya ƙone. In za ka sa takin zamani 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya, wato giram 6, ya isa rami ɗaya.

Labarin ruwa. Kafin kowace damana masana suna ba da hasashe, rediyo yana watsawa. Hasashe ba alkawari ba ne, amma ya fi tafiya a duhu. Ku saurara, ku tattauna kafin ku yi bizne.

10. GARGAƊI

Tassa ba ta kowace ƙasa ba ce. A jigawa rairayi yana cike ramin. A fadama ruwa yana kwanciya ya ruɓar da shuka. A shekarar ruwa mai yawa, ko a fako ka riƙa dubawa, in ruwa ya kwana biyu a rami ka buɗe masa hanya.

Kada ka sa ɗanyen taki ka yi shuka a kai nan take, yana ƙona tsiro.

Kada ka yi gaggawar sayar da fakonka don wuyar shekara ɗaya. Waɗanda suka sayar da arha a shekarun 1990, sun ga wasu suna yanke hatsi a wurin. In ka gyara fili, ko ka saya, ko ka ara, ka je wurin kwamitin filaye na garinku a rubuta da shaidu. Tun ran gini tun ran zane. Ke ma ƴar'uwa, in an ba ki fako kin gyara da guminki, ki nemi a rubuta, kada ya yi kyau a karɓe.

Kada gyaran fako ya cinye burtali ko mashaya. Makiyayi ma fari ɗaya ya dake ku, kuma takin da tassa ke bukata daga garkensa yake fitowa.

11. TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

Ku zauna ƙungiya, ɗaya ya karanta, ɗaya ya rubuta amsa.
1. Wane suna ake kiran yunwar 1973 da ta 1984 a garinku? Ku tambayi tsofaffi me aka ci, su wa suka tashi, su wa suka dawo. Ku rubuta, kada labarin ya tafi tare da su.
2. Waɗanne itatuwa ne suka ɓace a dajinku? Waɗanne suka dawo?
3. Fako nawa ya rage a garinku ba a gyara ba? Na wane ne? Me ya hana?
4. Lissafi: an yi ruwa milimita 20. Tano nawa ya sauka a hekta ɗaya? In rabi ya gudu, tano nawa aka yi hasara?
5. Lissafi: mutum yana haƙa rami 150 a yini. Kwana nawa mutum huɗu za su yi su haƙa rami 3,000?
6. Lissafi: rami 10,000, kowane giram 6 na takin zamani. Kilo nawa ke nan?

In akwai ma'aunin ruwan sama a garinku, ku sa ɗaya daga cikinku ya riƙa rubuta kwanan wata da milimita a littafi duk ran da aka yi ruwa. Bayan ƴan shekaru littafin nan zai gaya muku halin damanar garinku fiye da kowane baƙo. Amfanin karatunku ke nan.

Ku aiko da amsoshinku da tambayoyinku ta hannun malamin ajinku ko malamin gona, za a karanta su a filin manoma. Manoma 13 ne suka je suka gano, dubbai suka amfana. Kai ma ka gwada a gefen gonarka bana, maƙwabcinka yana kallo.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya. Amin.